Ki Ce Masa Ya Zauna

Kalmar Sifaniyanci ta farko da ta zauna mini a kai, a cikin kora na tsince ta. Kwanana goma sha ɗaya a wani sansani a Almeriya, inda aka ajiye mu bayan jirgin ceto ya tsamo mu daga teku, sai aka buɗe ƙofa aka miƙa wa kowa takarda guda da 'yar leda mai burodi da ruwa. Na tsaya ina jiran a nuna mana motar da za mu hau. Mai gadin ya dube ni, ya nuna titi da haɓa, ya ce, "Búscate la vida."

Ban ji komai ba, amma na riƙe ƙarshen maganar. Wanda ya fassara mini ita Mamadu ne, wani Bazabarme mai jin Hausa da na tarar zaune a tashar mota kamar mai jiran baƙo. Daga baya na gane irinmu yake jira. Ya ce vida ita ce rai, ita ce rayuwa, kuma mutumin cewa ya yi in je in nemi rayuwata. Na ce to ai wannan magana ce mai kyau, kusan addu'a. Mamadu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a ƙasar nan in an gaya maka haka, ana nufin ka san inda dare ya yi maka.

Sunana Shu'aibu, daga wani ƙauye a bayan Makarfi. Gidanmu gidan rake ne tun kakanni, da shi muke ci, da shi muke aure. Da mahaifinmu ya rasu aka raba fadama, abin da ya zo hannunmu bai isa ya riƙe gida ba, ni ne kuma babba. Abin da ya fito da ni ke nan. Na sa aka gaya wa mahaifiyata shekara biyu zan yi in dawo.

Mamadu ya kai ni inda yake kwana, wani ɗakin katako da leda a tsakiyar gonaki, mu bakwai a ciki. Gonakin yankin duk a lulluɓe suke da farar leda, rumfa na bin rumfa har iya ganinka. A ciki ake noman tumatir, a ɗaure shi da igiya yana hawa sama, ba ya taɓa ƙasa tun daga fure har kwando. Na yi aikin tumatir a Ikara rani biyu, ina ganin na san zafi. A cikin rumfar nan na gane wasa muke yi a Ikara. Ga kuma tumatirin, kyau kamar a zana, ka gutsira ka ji ruwa kawai.

Ba a ɗaukar marar takarda aiki, in ji Mamadu, amma shi yana da ita, kuma Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Zai ara mini sunansa. In mai gona ya kira Mamadu, ni zan amsa, shi kuwa zai je ya yi wani aikin a wani wuri. Na yi masa godiya har ya gaji da amsawa. Na ma sa an gaya wa Inna ta riƙa sa shi a addu'a.

Dole in ce na sa an gaya mata, don ni ba na magana da Inna kai tsaye. Bafulatanar garin Taba ce, ni kuma ɗan farinta, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son wani abu daga gare ni, ko ina zaune a gabanta, ƙanwata Zulai za ta duba ta ce ki ce wa yayanki kaza. Da na zo Turai aka ci gaba a haka. Kowace Juma'a bayan masallaci zan kira Zulai, ta shiga ɗakin Inna ta buɗe muryar waya. In ce ki gaishe da Inna. Sai in ji muryarta daga can gefe tana cewa ki ce masa lafiya lau, ki ce masa ya kula da salla. Da kunnena nake ji, amma sai Zulai ta maimaita mini tsaf, kamar tafinta a gaban alƙali. Wannan 'yar muryar ta gefe ita nake ci har wata Juma'ar.

Wata goma sha shida na yi ina amsa sunan wani. Ranar da Mamadu zai je sabunta katinsa na zama, ya fito da wasu takardu yana jera su a kan katifa yana fito. Na ga kalmata a saman ɗaya daga ciki, na tambaye shi. Ya ce vida laboral, wato rayuwar aiki. Takarda ce da hukuma ke rubuta wa mutum duk inda ya yi aiki da yawan kwanakin da ya yi, da ita ake gane mai ƙwazo a sabunta masa zama. Na karɓa na duba. Ga sunan gonarmu, ga ranar da na fara, ga kwanaki a jere har da makon da na yi ina tsinkar tumatir da zazzaɓi a jikina. Duk na Mamadu ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na nemi wani ofishin masu taimakon baƙi, na sami wata lauya mai haƙuri da wani ɗan Gana yana mana tafinta. Ta ce doka ta yarda wanda ya shekara uku a ƙasar ya nemi katin zama, in yana da shaidar zaman da wanda zai ɗauke shi aiki. Da katin zai iya zuwa gida ya dawo. In babu, duk ranar da ya fita ƙofa ta rufe. Na ce to na ci kusan rabi. Ta ce ina shaida? Ta tambaye ni ko na taɓa zuwa asibiti. Na ce Allah ya sawwaƙe, citta da lemon tsami nake sha. Ko ina da rasiɗin aika saƙo gida? Na ce wani Bakano nake ba, ya kira ɗan'uwansa a Zariya ya kai, mu ba ma rubuta irin wannan, amana ce. Ko na rubuta sunana a ofishin gari? Na ce ni da nake canza titi in na hango ɗan sanda? Ta ce to takardar da aka ba ni ranar da aka sallame ni daga sansani fa? Ita ma babu. Mamadu ya ce mini takardar kora ce, kada a kama ni da ita, ni kuma na hura wutar shayi da ita tun makon farko.

Lauyar ta cire tabarau ta murje ido. Ta ce a wurin hukuma ban zo ba tukuna.

Na koma na shaƙi wuyan rigar Mamadu, sai da mutum uku suka ɓamɓare ni. Ya gyara rigarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Así es la vida." Lokacin na fara jin yaren, na gane. Ita ce tamu da muke cewa duniya ce. Sai dai a gida wanda aka cuta ake gaya wa don ya sami sanyi, ban taɓa jin macucin da kansa ya faɗa ba. A ranar na tattara kayana.

Motril na nufa, wani gari a bakin teku, don na ji ana neman hannu a gonakin mangwaro da fiya. Na kwana biyar ina zagayawa ba wanda ya dube ni. Rana ta shida ina bin wata 'yar hanya a bayan gari, na ɗaga kai na ga abin da ya tsayar da ni cak. Rake ne. Baƙin rake mai gajerun gaɓoɓi, a bayan wani farin gida, filin bai fi tsakar gida biyu ba. Amma an wulaƙanta shi. Busasshen ganye ya lulluɓe shi tun daga gindi, wasu sun kwanta, ciyawa ta shige tsakani. A gidanmu in rakenka ya yi haka, ba za ka iya zama a majalisa ba.

Ban yi shawara da kowa ba, na tsallake waya na shiga. Na fara zare busasshen ganyen daga sama zuwa ƙasa ina tarawa, ina ta da waɗanda suka kwanta ina ɗaure su da ganyen 'yan'uwansu. Ƙaiƙayin nan da na tsana tun ina yaro ya kama mini hannu da wuya, wallahi daɗi na ji. Na manta a wace ƙasa nake. Na ci layi uku kafin wata tsohuwa ta fito da tsintsiya a ɗage tana zabga mini masifa.

Na ɗaga hannu na nuna mata ban karya ko ɗaya ba. Ta zo ta duba tarin ganyen, ta duba ɗaurin da na yi, ta sa yatsa ta ja shi ta ga bai kwance ba. Sai ta sauke tsintsiyar. Ta shiga gida ta fito da wata tsohuwar adda mai ƙotar da hannu ya cinye, ta miƙo mini, ta nuna ragowar layukan.

Sunanta Encarna. Addar ta mijinta ce, ya shekara huɗu da rasuwa. Ta ce da can kwarin nan duk rake ne har bakin ruwa, mijinta kuma ya sari rake toda la vida, tsawon ransa ke nan, har aka rufe masana'antun sukari kowa ya koma fiya. Shi ya ƙi rabuwa da shi, ya bar wannan ɗan filin don ya riƙa jin ƙarar ganyen in iska ta taso. Na ce mata mu ma haka ne, toda la vida, har kakan kakana. Na kwatanta mata yadda muke dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila, ta kawo mini wani baƙin zuman rake a kwalba ta ce nasu ke nan. Na lasa. Ɗan'uwan namu ne, sai dai bai kai ba, ban kuma ɓoye mata ba.

Encarna ta ba ni ɗakin da mijinta yake ajiye kayan gona. Washegari ta sa takalminta na fita, ta ja ni har ofishin gari, ta sa aka rubuta cewa a gidanta nake zaune. Ma'aikaciyar ta tambayi sunana, na buɗe baki zan ce Mamadu, na kama kaina. Daga ranar kwanakina suka fara ƙirguwa, shekara uku daga farko. Ɗan wanta yana da gonar mangwaro, ya ɗauke ni. Duk takardar da ta shigo hannuna kuwa, ko ta sayen magani ce, Encarna za ta ƙwace ta jefa a gwangwanin biskit, tana mita wai ba ta taɓa ganin mutumin da ke share sawunsa da kansa irina ba.

A gidanta na koyi yaren sosai, don bakinta ba ya hutawa. A nan na ga kalmar nan ba ta da iyaka. Mu mun raba abin, akwai rai, akwai rayuwa, akwai duniya, akwai zaman duniya. Su da guda ɗaya suke komai. Da ita ake kukan tsadar kaya, da ita ake rantsuwa, da ita ake tambayarka ya kake in an daɗe ba a haɗu ba. Amma wadda ta fi yawa a bakin Encarna ita ce mi vida, rayuwata. Tana ce wa jikarta haka a waya, tana ce wa hoton mijinta, tana ce wa kyanwa in ba ta yi ɓarna ba. Na ɗauka dai surutun tsofaffi ne. Sai ran nan adda ta zame ta tsaga mini tafin hannu. Ta zaunar da ni tana wanke ciwon tana faɗa, ta ɗaure, ta dafa kaina ta ce, "Ay, mi vida."

Na tashi na shige cikin raken na tsaya. Shekarata talatin da ɗaya, da gemuna, ina hawaye saboda wata tsohuwar Nasara ta kira ni da abin da take kiran kyanwarta. Kewar Inna ce ta taso mini gaba ɗaya, har da wani abu mai kama da kishi. Na ji haushin mutanen nan da suke zubar da irin wannan magana a titi kamar ba ta da tsada.

Juma'ar da ta biyo na ce bari in gwada sa'ata.

"Zulai, ki ce wa Inna a nan uwa tana ce wa ɗanta mi vida."

"Me ke nan kuma, Yaya?"

"Rayuwata. A gaban mutane ma take faɗa."

Zulai ta ƙyalƙyale da dariya, ta isar. Aka yi shiru. Can na ji muryar daga gefe.

"Ki ce masa in ya gama koyon rashin ta-ido, ya koyo sana'a."

Na yi mako guda ina tuna wannan ina dariya ni kaɗai a gindin mangwaro.

Da Encarna ta ji mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ta dafe ƙirji ta ce me na yi mata? Raina ya ɓaci, na ce ban yi mata komai ba, kuma babu uwar da ta fi ta. Na ba ta labarin lokacin saran rake, yadda Zulai za ta zo fadama da ƙwaryar fura ta ce Inna ta ce ragowa ce kada ta lalace, alhali kowa ya san ba a dama ragowa da sabon nono. Encarna ta daɗe tana juya cokali a kofi. Ta ce ita ba ni take tausayi ba, matar take tausayi, shekara talatin da magana a baki.

Haka shekara ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Na sari raken Encarna sau biyu, ta raba wa tsofaffin unguwa suna sha suna ba da labarin da. A gida aka yi wa ƙanena aure ban je ba, Zulai ta haihu aka yi suna ban je ba. Shekara biyun da na yi wa Inna alkawari ta zama huɗu. Ba ta taɓa sa an tuna mini ba.

Saura wata huɗu in cika shekara ukun sai ciwo ya kama Inna. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, aka kai ta asibiti a Zariya aka dawo da ita da magunguna. Duk wanda na tambaya sai ya ce da sauƙi. Ni ma Bahaushe ne, na san har wanda ake tofa wa Yasin da sauƙi ake cewa. Na je wurin lauya, ta ce in ina so akwai masu mayar da mutum gida kyauta, amma in sani ba dawowa, shekarun nan sun tafi. Na kwana uku ina juya abin. Maganin da take sha daga gumina yake fitowa. Amma me zan yi da kati in babu wadda zan nuna wa? Ranar Juma'a na ce wa Zulai ta gaya wa Inna ina nan tafe.

Wannan karon ba a yi shiru ba. Muryar ta dushe, amma na ji ta sarai.

"Ki ce masa ya zauna."

Na ce Zulai ki ce mata zuwa da kai ya fi saƙo, ki ce mata aiki ba ya ƙarewa.

"Ki ce masa in ya taso bai karɓi abin da ya je nema ba, ban yafe ba."

Zulai ba ta maimaita wannan ba, ni ma ban nemi ta maimaita ba. Duk wanda ya sha nonon uwa a ƙasarmu ya san ba a tsallake wannan kalmar. Na gaya wa Encarna. Ta ce da ita ce da tuni tana jirgi, amma ita ba uwata ba ce, kuma matar da ta iya riƙe bakinta shekara talatin ta san abin da take faɗa. Ta ƙara da wani karin maganarsu mai vida a ciki, wai muddin tana nan akwai sa rai. Na ce mata mu ma muna da shi, in da rai da rabo. Ranar bai yi mini amfanin komai ba, a yarensu ko a namu.

Na zauna. Kwanaki suka cika, muka kai gwangwanin biskit wurin lauya, aka shigar da takardu, aka koma jira. A wannan tsakanin muryar Inna ta riƙa ja baya. Da farko ina jin kalmomin, daga baya sai dai in ji motsin magana, daga baya ko shi ba na ji. Zan ce ki gaishe da Inna, a yi ɗan shiru, sai Zulai ta ce ta ce lafiya lau, ta ce da sauƙi, ta ce ka kula da salla. Na ce ta matsa da wayar kusa da bakinta. Ta ce ka san halinta, kau da kai take yi. Na san halinta, na yarda.

Aka amince da takarduna, aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce in dawo bayan kwana arba'in in karɓi katin. Lauya ta ja mini kunne kada in motsa sai yana hannuna. A makonnin nan na lura abokaina na ƙauye sun daina ɗaukar wayata. Na ce hassada ce ta motsa, har na ƙudura wa biyu daga cikinsu ba za su ga tsarabata ba.

Ranar da katin ya fito na juya shi gaba da baya. Ɗan abu ne, bai kai tafin hannu ba, ga sunana a jiki. Encarna ta cusa mini kwalbar zuman rake a jaka ta ce in kai wa Inna ta ɗanɗana ta yanke mana hukunci. A tashar mota ta riƙe mini hannu ta ce in na isa in ba da señales de vida, alamar rai, wato kada in yi shiru in bar ta da zullumi. Na gaya wa Zulai ranar Asabar zan sauka, ta ce Baffa, ƙanen mahaifinmu, zai tarye ni a Kano. Sai na sami jirgin Alhamis, na hau ban gaya wa kowa ba. Ina so in yi sallama a ƙofar ɗakin nan in ga yadda za ta yi da fuskarta.

Daga Kano na hau mota, na sauka Tashar Yari da hantsi. Rake a jingine a ko'ina, ƙamshin tuƙa da ƙura, kowa yana magana ina ji ba sai na kasa kunne ba. Ina neman mai babur sai na ji an kira sunana. Sani ne, tare muka yi makarantar allo, yanzu acaɓa yake yi. Ya rungume ni, ya ce ka yi fari, ka yi ƙiba, ya hanya, ya mutanen can. Ya ɗora jakata a kan tanki yana ɗaurewa, sai ya sassauta murya.

"Ya ƙarin haƙuri kuma? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta."

Na ce wace Innar?

Ya ɗago ya dube ni. Ya ga ni a gida, ya ɗauka an riga an gaya mini. Na ga lokacin da ya gane, hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya yi salati a hankali. Har muka isa ƙauye ni dai ina riƙe da ƙarfen bayan babur ina kallon fadamu suna wucewa.

Kwana talatin da uku da rasuwarta. Ta tara Baffa da Zulai ana saura kwana biyu, ta sa suka yi mata alkawarin ba za a gaya mini ba sai kati ya shiga hannuna, don ta san in na ji zan watsar da komai in taho. Baffa bai so ba, ya ce ba a hana ɗa yi wa uwarsa addu'a. Ta ce addu'a ba ta tsufa. Bayan jana'iza shi da kansa ya tsaya a masallaci ya roƙi mutanen gari su kama bakinsu.

Na sami Zulai a ɗakin Inna. An naɗe katifa, ƙwaryoyinta suna jere yadda ta bar su. Na gaya wa yarinyar nan maganganun da har yau nake neman gafararsu. Na ce Juma'a huɗu ina gaishe da gawa tana amsa mini, ashe haka ta iya ƙarya? Ta bar ni na gama. Ba ta yi kuka ba, ina jin ta riga ta ƙarar da shi.

"Yaya, ni ce fa nake riƙe da wayar. Nan nake shigowa in zauna. Kana cewa in gaishe ta, ina duban gadon, in ƙirga biyar a zuciyata, in ba ka amsa."

Na zauna a ƙasa. Na tambaye ta ko Inna ta bar mini wata magana. Ta ce babu, ta dai tambaya sau biyu ko ana sanyi a inda nake.

Bayan la'asar Baffa ya raka ni maƙabarta. Mata ba sa zuwa, Zulai ta tsaya a ƙofar gida. Ya nuna mini kabarin, ƙasar ta fara kwanciya, an kafa fasasshen tulu a wajen kai. Muka yi addu'a tare, ya shafa, ya ce zai jira ni a bakin hanya.

Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a gabanta daga ni sai ita ba. Na koyi yaren wasu, har ina ciniki da shi ina faɗa, amma ban san ta inda ake fara magana da Inna ba. Na waiwaya gefena, inda Zulai ta saba tsayawa. Sai na durƙusa kamar yadda nake yi a ƙofar ɗakinta, na cire hula.

Na ce, "Inna, na zauna. Na karɓo."

Na yi shiru, na ƙirga biyar.